Awon Ƙasa da Zana Taswira: Inda Wayarka Za Ta Kai Ka, da Inda Za Ta Tsaya

Fita tsakar gida ko bakin titi, ka buɗe Google Maps a wayarka, ka tsaya cik. Za ka ga ɗigon nan shuɗi da ke nuna inda kake. Idan ka zuƙo taswirar sosai, za ka lura akwai wata da'ira mai haske kewaye da ɗigon, wani lokaci ta kumbura, wani lokaci ta tsuke. Ka yi haƙurin minti biyu kana kallo, za ka ga ɗigon yana ɗan yawo, ya leƙa gidan maƙwabci ya dawo, alhali kai ko motsi ba ka yi ba.

Yawancinmu ba mu damu da wannan yawon ba, tunda abin da muke nema bai wuce hanyar gidan biki ko shagon da za a karɓo saƙo ba. Amma ka ɗauka cinikin fili ake yi. Dillali ya zagaya da waya a hannu, ya turo maka lambobi ta WhatsApp, ya ce ga iyakar filinka nan. Filotin da aka fi sani, mai ƙafa 50 da 100, faɗinsa mita 15 ne da 'yan kai, tsawonsa mita 30 da rabi. Wayar da ke aljihunka kuwa, ko a fili fetal inda babu gini babu bishiya, kuskurenta yakan kai wajen mita 5. Wato kashi ɗaya cikin uku na faɗin filin yana iya faɗawa cikin na maƙwabci, ko na maƙwabci ya faɗo cikin naka. Ranar da aka zo haƙa fandisho ake ganewa, daga nan sai gaban mai unguwa, sai kotu.

A tsakanin ɗigon shuɗin nan da turken simintin da ake kafawa a kusurwar fili akwai sana'a guda cikakkiya, wato aikin safiyo, da 'yar uwarta, zana taswira. Matashin da ke da waya da 'yar data zai iya shiga wani ɓangare nata tun yau, ba tare da ya biya ko sisi ba. Wani ɓangaren kuma sai da karatu da rajista, kuma doka ta hana a taɓa shi ba tare da su ba. Bari mu bi su daki-daki.

Yadda waya ke sanin inda kake

GPS tsari ne na Amurka. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala zama cikakke a 1995. Taurarin ɗan'adam kimanin 30 ne ke shawagi a tsayin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma aikinsa shi ne ya riƙa shelar sunansa, da inda yake, da lokacin da ya aiko saƙon.

Wayarka sauraro kawai take yi, ba ta aika wa tauraron komai. Saƙon yana tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka yana isowa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wayar takan lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka, ta juya shi zuwa nisa. Idan ta samu nisan taurari huɗu ko fiye, sai ta fitar da inda take. Na huɗun yana da muhimmanci ne saboda agogon waya bai kai na tauraro inganci ba, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana haifar da kuskuren mita 300 a ƙasa. Wannan ne ma ya sa GPS ke aiki ko babu data ko layi. Data tana taimakawa ne wajen saurin kama taurarin da sauko da hoton taswira.

To daga ina kuskuren mita biyar ɗin yake fitowa? Saƙon yana ratsa sassan sararin samaniya da ke rage masa gudu, kuma wannan jinkirin yana canzawa daga safe zuwa dare. Idan ya iso ƙasa kuma, yakan bugi bango ko rufin kwano kafin ya shiga waya, sai ya zama ya bi doguwar hanya. Shi ya sa ɗigonka ya fi rikicewa a cikin lungu ko tsakiyar kasuwa. Eriyar waya ita ma 'yar mitsitsiya ce, an matse ta tsakanin batir da kyamara.

Abubuwa sun gyaru sosai. Kafin watan Mayun 2000, gwamnatin Amurka da gangan take dagula saƙon da farar hula ke samu, har kuskure ya kai mita 100. Yau kuma wayoyi suna haɗa GPS da GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin. Tun daga Xiaomi Mi 8 a 2018 aka fara samun wayoyi masu kama zango biyu, L1 da L5, waɗanda ke rage kuskure zuwa mita ɗaya ko biyu idan sama a buɗe take. Kana son sanin matsayin taka? Sauke manhajar GPSTest a Android. Za ta jero maka taurarin da wayarka ke ji a wannan lokacin, kowanne da tutar ƙasarsa, kuma za ka ga ko akwai L5 a ciki.

Abin da safiyo ke ɗauka zuwa fili

Mutumin da kake gani a bakin titi sanye da riga mai ƙyalli, yana leƙen wata na'ura a kan ƙafa uku, ba hoto yake ɗauka ba. Galibi ɗaya daga cikin na'urori uku ce a gabansa.

Ta farko ita ce na'urar lebul, wadda ake auna tudu da gangare da ita. Abokin aiki yana riƙe doguwar sanda mai lambobi, shi kuma yana karantawa. Da ita ake tabbatar da cewa ruwan kwata zai gangara inda ake so, bai dawo cikin gida ba.

Ta biyu ita ce mai auna kusurwa da nisa a lokaci guda, wadda masu sana'ar ke kira total siteshan. Tana harba haske zuwa wani madubi da ake riƙewa a ɗaya ɓangaren, ta auna dawowarsa, ta ba da nisa da kuskuren da bai wuce 'yan milimitoci ba. Ita ta gaji tsohuwar tiyodolait, wadda kusurwa kaɗai take aunawa.

Ta uku ita ce babbar yayar GPS ɗin wayarka: na'ura mai kama da faranti a kan sanda. Dabarar da ake kira RTK tana aiki ne da guda biyu. Ɗaya a kafe take a wurin da aka riga aka san lambobinsa, don haka duk kuskuren da saƙon tauraro ya zo da shi tana gane shi nan take. Sai ta aika wa ta biyun, wadda ke yawo a fili, gyaran da za ta yi, ta rediyo ko ta intanet. Da haka kuskuren mita biyar ke komawa santimita biyu ko uku. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya yana da jerin irin waɗannan tashoshi na dindindin a sassan Najeriya, ana kiran su NIGNET. Kamfanonin da suka yi suna a kayan aikin sun haɗa da Leica, Trimble, Topcon da Sokkia, sai na Sin irin su South da Hi-Target waɗanda suka fi sauƙin kuɗi.

Akwai wani tarko da ke kama masu ganin sun iya waya. Lambobin wuri ba su da ma'ana sai an san tushen da aka auna su daga gare shi. Wayarka da Google Maps suna amfani da tushen duniya mai suna WGS 84. Yawancin takardun safiyo na Najeriya kuwa, musamman tsofaffi, an yi su ne a kan tushen Minna, wanda asalinsa wani turke ne mai lamba L40 kusa da garin Minna. Tsakanin tushen biyu akwai tazarar gomman mitoci. Idan ka kwafi lambobin takardar filin mahaifinka ka zuba su a manhaja ba tare da ka juya su ba, za ka ga filin ya yi tsalle ya sauka a kan gidan wani, filotai da dama daga inda yake. Takardar lafiyarta ƙalau, mai karatun ne bai san yarenta ba. Haka kuma tsarin UTM ya raba Najeriya shiyya uku: Sakkwato tana cikin ta 31, Kano da Kaduna da Abuja cikin ta 32, Maiduguri da Yola cikin ta 33. Wanda ya zaɓi shiyyar da ba ita ba zai tsinci filinsa ɗaruruwan kilomitoci daga gida.

Taswirar da ta taimaka wajen korar shan-inna

Zana taswira ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Lokacin da Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya koma da taswirar yankin da ya samu daga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a Landan a 1826. Amma misalin da ya fi kusa da mu, kuma wanda waya ta taka rawa a cikinsa, shi ne na rigakafin shan-inna.

Shekaru da dama ma'aikatan rigakafi a Arewa suna aiki ne da taswirar da aka zana da hannu. Jami'in mazaɓa zai zauna da biro da takarda ya zana garuruwan da ya sani. Matsalar ita ce abin da bai sani ba ba zai zana ba. Ƙananan ƙauyuka, da rugage, da unguwannin da ke bakin iyakar mazaɓu biyu, inda kowane ɓangare ke zaton na ɗaya ne, sai a yi ta tsallake su zagaye bayan zagaye. Yaran da ke can su ne cutar ke samun mafaka a jikinsu.

Daga wajen 2012 aka canza salo. Aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam, aka bi su ana zana kowane matsuguni da ido ya gani, sannan aka tura mutane da wayoyi su je su tabbatar da sunan wurin da lambobinsa. Ka tuna Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, ka ga girman aikin. Bayan haka aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin Android da ke ajiye sawun inda suka taka bayan kowane 'yan mintoci. Da yamma a ɗora sawun a kan taswira, a ga ƙauyen da aka shiga da wanda aka wuce, a koma kafin zagayen ya ƙare. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ke da babban ofishi a Kano, tana cikin waɗanda suka gudanar da wannan aiki tare da hukumomin lafiya. An ga cutar ta ƙarshe ta asalin ƙwayar shan-inna a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Taswira ba ita kaɗai ta yi aikin ba, amma ka lura da wani abu: a nan kuskuren mita biyar bai dami kowa ba. Tambayar ita ce, akwai ƙauye a nan ko babu? An je ko ba a je ba? Irin wannan aikin shi ne wanda wayarka za ta iya, kuma har gobe akwai saura da yawa.

Fara da abin da ke hannunka

Hanya mafi sauƙi ita ce OpenStreetMap, taswirar duniya da kowa ke iya gyarawa, kamar yadda ake rubuta Wikipedia. Wani ɗan Birtaniya, Steve Coast, ya kafa ta a 2004. Ta yi suna ne bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, lokacin da 'yan sa-kai daga ko'ina suka zana birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki don masu aikin ceto. Buɗe shafinta ka nemi unguwarku. Akwai yiwuwar ka tarar da babban titi, amma babu lungunku, babu sunan makarantar firamaren da ka yi, babu rijiyar burtsatsen da kowa ke ɗiba. Wanda ke zaune a Jamus zai iya zana rufin gida daga hoto, amma ba zai taɓa sanin cewa wancan ginin asibitin sha-ka-tafi ne ba. Kai ka sani.

Ga manhajojin da za su ishe ka, kuma duk kyauta ne:

StreetComplete tana yi maka tambayoyi masu sauƙi yayin da kake tafiya: mene ne sunan wannan titin, kwalta ce ko birji, akwai fitila ko babu. Da ita ya kamata ka fara.

Every Door ta dace da sanya shaguna, kemis, masallatai da makarantu.

Vespucci cikakkiyar manhajar gyara ce ga wanda hannunsa ya faɗa.

OsmAnd ko Organic Maps suna ba ka damar sauke taswirar ƙasa gaba ɗaya ka yi amfani da ita babu data, kuma a nan za ka ga aikinka ya bayyana bayan an sabunta.

MapSwipe kuwa ko a kwance za ka iya: ana nuna maka hoton sama, kana danna inda ka ga gini.

Dokoki biyu ka riƙe. Kada ka kwafo daga Google Maps, domin bayanansu mallakarsu ne, kuma za a goge abin da ka sa. Sannan kada ka sa abin da ba ka tabbatar ba. Akwai gurbin sunan Hausa na musamman mai alamar name:ha, inda za ka rubuta sunan wuri yadda mutanensa ke faɗa, da ƙ da ɗ ɗinsa.

Kada kuma ka tsaya a kan allo kawai. Sayi tef mai mita 30 ko 50, irin na magina. Shimfiɗa mita 30 a ƙasa, ka taka sau uku kana ƙirga sawunka, ka raba, ka san tsawon takunka. Koyi fitar da kusurwa madaidaiciya da dabarar 3-4-5: mita uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗaya gefen, idan tsakaninsu ya ba da biyar cif to kusurwar ta daidaita. Auna gidanku da tef, ka zana shi a takarda a kan ma'aunin santimita ɗaya a madadin mita ɗaya. Daga nan ka zagaya shi da manhajar auna fili ta waya, sau uku a lokuta daban-daban, ka kwatanta. Bambancin da za ka gani zai koya maka abin da babu bidiyon YouTube ɗin da zai koya maka.

Lissafin ma a sarari yake. Gona mai hekta ɗaya, mita 100 da 100, idan waya ta yi kuskuren mita biyar a kowane gefe, girmanta zai iya fitowa 9,025 ko 11,025 a maimakon murabba'in mita 10,000. Kashi goma cikin ɗari ke nan, ya isa a ƙiyasta buhun taki ko yawan iri. Amma filoti mai murabba'in mita 465, irin wannan kuskuren zai iya mayar da shi 250 ko 700. Ka kuma san ƙimar lambobin da ke bayan ɗigo: digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, don haka lamba ta huɗu bayan ɗigo tana wakiltar mita 11, ta biyar kuma mita ɗaya da ɗan kai. Manhajar da ta jero maka lambobi takwas ba ta fi daidaito ba, ado ne kawai.

Matakin kwamfuta

Idan abin ya fara shiga ranka, sai ka nemi laftof, ko da tsohuwa ce, ka sauke QGIS. Manhaja ce ta kyauta da aka fara a 2002, kuma ana amfani da ita a ofisoshi na gaske. A cikinta za ka koyi abin da ake kira GIS, wato ɗora bayanai hawa-hawa a kan taswira don amsa tambaya. Hawa ɗaya tituna, ɗaya makarantu, ɗaya magudanan ruwa, sai ka tambaya: waɗanne unguwanni ne suka fi kilomita biyu daga asibiti mafi kusa? Waɗanne gidaje ne ke kan hanyar ruwa? Wanda ya ga ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ya san wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Bayanan ma akwai na kyauta. Taurarin Sentinel-2 na Turai suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kowane ɗigo na hoton yana wakiltar mita 10. Landsat na Amurka yana da tarihin hotuna tun 1972, wanda da shi za ka iya kallon yadda garinku ya cinye gonakin da ke kewaye da shi. Shirin GRID3 yana da bayanan matsugunai da cibiyoyin lafiya na Najeriya da za a iya saukewa. Haɗa wannan da KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da ƙungiyoyin agaji ke yawan amfani da ita, sai ga shi kana da abin nunawa idan an tambaye ka me ka iya.

Idan sana'a kake so

Da farko ka bambance suna. Safiyon ƙasa daban, mai ƙiyasta kuɗin gini daban, mai ƙimanta kadarori daban, duk da a Turance kalma ɗaya ke haɗa su. Ka kula sosai wajen cike fom ɗin JAMB, kada ka tsinci kanka a ajin da ba shi ka nufa ba. Kwas ɗin da muke magana a kai sunansa Surveying and Geoinformatics, a wasu wurare Geomatics. Lissafi da Fiziks su ne ƙashin bayansa, sauran darussan kuma ka duba sharuɗɗan makarantar da kake so.

Ana yin digirinsa cikin shekara biyar. A Arewa akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya Minna, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa Bauchi, da Jami'ar Modibbo Adama Yola. Kaduna Polytechnic tana ba da difloma ta ƙasa da babbar difloma. Akwai kuma Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo, wadda asalinta ya faro a Legas a 1908. Ga mai digiri a wani fanni, kamar labarin ƙasa ko kimiyyar kwamfuta, akwai cibiyar AFRIGIST a harabar Jami'ar Obafemi Awolowo, Ile-Ife, wadda ke koyarwa da Turanci da Faransanci. Nijar, Ghana da Kamaru suna cikin ƙasashen da suka mallake ta, don haka 'yan uwa na Maraɗi ko Damagaram su ma ƙofa ce a gare su.

Kammala karatu bai sa ka zama safiyo a idon doka ba. Hukumar SURCON, wadda aka kafa da doka ta 44 ta shekarar 1989, ita ke rajistar masu sana'ar. Mai digiri yakan fara a matsayin ɗalibin safiyo, ya yi aƙalla shekara biyu a ƙarƙashin mai rajista, ya gabatar da ayyukan da ya yi, ya ci jarrabawa, sannan a ba shi hatimi. Masu difloma su ma suna da nasu matakan. Ƙungiyar masu sana'ar, NIS, tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin ƙwararru a Najeriya. An kafa ta a 1934 ƙarƙashin jagorancin Herbert Macaulay, mutumin nan mai gashin baki da ke jikin kwabon naira ɗaya. An fi saninsa da siyasa, amma safiyo ne da ya yi karatu a Ingila.

Wuraren aiki sun haɗa da ma'aikatun filaye da hukumomin GIS na jihohi irin su AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano, da kamfanonin gina tituna da madatsun ruwa, da haƙar ma'adinai, da kamfanonin sadarwa da na wutar lantarki, da ƙungiyoyin lafiya da agaji. Aikin fili akwai rana, akwai ƙura, akwai kwana a daji. Aikin GIS kuwa yawancinsa a gaban kwamfuta ne, kuma mata da maza duk suna yin kowanne daga ciki. Kayan aikin suna da tsada, shi ya sa sabon shiga yakan fara da bin wani ko ɗaukar haya. Idan akwai ofishin safiyo a garinku, je ka roƙi a bar ka ka riƙe sanda lokacin hutu. Mako biyu a fili zai gaya maka ko za ka iya.

Doka, amana da tsaro

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma kafin a ba mutum takardar shaidar mallaka ta C of O sai an auna filin a hukumance. Takardar safiyo ta gaskiya tana ɗauke da sunan mai fili, da girmansa, da lambobin turakun da ke kusurwoyi, da tsawo da fuskar kowane gefe, da tushen awon da aka bi, da alamar arewa, da sa hannu da hatimin safiyo mai rajista. Duk iya QGIS ɗinka, zanen da ka yi ba zai tsaya a madadinta ba, kuma karɓar kuɗin mutane da sunan kai safiyo ne alhali ba ka da rajista laifi ne. Tumɓuke turke ko matsar da shi ma laifi ne, ban da gargaɗi mai tsanani da addini ya yi a kan cin iyakar wani ko da taƙi ɗaya ne. Mai riƙe tef a wurin rabon gado ya san nauyin abin da ke hannunsa.

Jirgi marar matuƙi ya shigo sana'ar da ƙarfi. Yakan ɗauki ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, manhaja irin OpenDroneMap ta ɗinke su su zama taswira guda. Amma a Najeriya tayar da shi yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. A halin da ake ciki, kada ka kuskura ka tayar da shi haka kawai.

Ko da waya kake aiki, ka yi hankali. Ka nisanci bariki, ofishin 'yan sanda da shingayen bincike. Kafin ka fara zagaya unguwa kana danne-danne, je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani, domin mutane na ganin baƙo yana auna wuri sai su ɗauka rusau ne ke tafe. Kada ka sa sunan mai gida ko lambar wayar wani a taswirar da duniya ke gani.

Aikin wannan mako ba shi da yawa. Sauke GPSTest ka ƙirga taurarin da ke saman gidanku. Buɗe asusu a OpenStreetMap, ka sa wurare biyar da ka sani a unguwarku: makaranta, kemis, masallaci, rijiya, da sunan layinku. Idan kuma akwai tsohuwar takardar safiyo a akwatin gidanku, nemi izini ka ɗauko ta, ka duba ko za ka ga inda aka rubuta tushen awon, sannan ka fita ka nemi turakun da idonka.